Uwar Ƙullu: Yadda Ake Kafa Ta da Yadda Ake Raya Ta a Zafin Tamale

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin shirinmu na girke-girke na makon jiya. Da yawa daga cikinku kun nemi a rubuta ma'aunan a takarda, domin abin da kunne ya ji da safe, kafin la'asar ya gudu.

Tambayar da ta jawo shirin ita ce: za a iya tayar da masa ko burodi ba tare da yis na kanti ba? Amsa ita ce e, ana iyawa. Abin da ake buƙata shi ne abin da muka kira uwar ƙullu a cikin shirin, wato ɗan ƙullu mai rai da ake ajiyewa ana ciyar da shi, ana ɗiba ana tayar da sabon kwaɓi. Ga mai tuyar masa ta sayarwa, wannan magana ce ta jari. Ƙullun da ya ƙi tashi, ko ya zarce da tsami kafin asuba, asarar yini guda ce: shinkafa ko gero, kuɗin niƙa, mai da gawayi, duk sun tafi.

Abin da muke da shi tun tuni

Kafin mu je nesa, mu leƙa madafinmu. Ni a Jisonayili na tashi, kuma tun ina ƙarama na san wata ƙaramar tukunya a gefen randar kakata wadda ba a barin yara su taɓa. Ruwan tsami ne a ciki. Da shi take tuƙa tuwo, kuma duk ranar da za ta jiƙa sabon gero sai ta zuba kaɗan daga tsohon. Haka mai masa take rage ɗan ƙullun yau ta zuba a na gobe. Haka mai nono take barin ɗan tsoho a ƙwarya domin sabuwar madara ta kama. Funkaso, sinasir da alkaki, dukkansu sai sun kwana sun tashi. Masu dokunu a kudu su ma kwanaki suke barin ƙullun masara ya yi tsami. Ashe dai da tsohuwar zuma ake magani.

Ba mu kaɗai ba ne. A Habasha, ruwan da ke tasowa a kan ƙullun injera, wanda suke kira ersho, shi ake ajiyewa don kwaɓi na gaba. A Sudan haka ake yi da ƙullun kisra. A birnin San Faransisko na Amurka akwai gidan burodi mai suna Boudin da aka buɗe a 1849, kuma masu shi suna cewa daga uwar ƙullu ta farko suke ɗiba har yau. A garin Sankt Vith na ƙasar Beljiyam, tun 2013 aka buɗe wani ɗaki na musamman inda ake adana irin waɗannan ƙullu daga ƙasashe daban-daban a cikin firji. A 2020, lokacin kullen korona, da yis ya yi wuyar samu a shagunan Turai da Amurka, mutane da yawa sun koma wannan hanyar a gidajensu.

Me ke faruwa a cikin kwalbar?

A jikin kowace ƙwayar hatsi, da hannunmu, da kwanukanmu, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Iri biyu ne suka shafe mu. Na farko yis ne na daji, ɗan'uwan wanda ake sayarwa a leda. Yana cin sukarin da ke fitowa daga gari, yana fitar da iska, iskar ce ke yin kumfa ta ɗaga ƙullu. Na biyu bakteriya ce mai kawo tsami, irin wadda ke mayar da madara nono. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ya bayyana a 1857 cewa halittu masu rai ne ke haddasa wannan tsamin. A uwar ƙullu da ta kafu, bakteriyar takan ninka yis yawa kamar sau 100.

Tsamin nan shi ne mai gadin kwalbar. A ma'aunin tsami da masana ke amfani da shi, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru, gari da ruwa suna farawa daga wajen 6. Idan uwa ta kafu, sai ya sauka tsakanin 3.5 da 4. A nan yawancin ƙwayoyin da ke ɓata abinci ko sa ciwon ciki ba sa iya yaɗuwa, amma yis na daji da bakteriyar tsami suna zaune lafiya. Haka kuma tsamin yana rage wani sinadari na jikin hatsi da ke hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da zink.

An yi bincike a kan namu ma. A 2004 wasu masu bincike daga Denmak sun wallafa nazari a kan koko da ruwan tsaminsa na nan arewacin Ghana, suka gano cewa bakteriya iri biyu, Weissella confusa da Lactobacillus fermentum, su suka fi yawa a ciki. A 2012 wani nazarin da malaman jami'armu ta UDS suka shiga ciki ya sake samun Lactobacillus fermentum a kan gaba wajen tsamin fura. Wannan iri kuwa yana cikin waɗanda ake samu a uwar ƙullun burodi a ƙasashe masu zafi. Kun ga ke nan, tukunyar kakata da kwalbar Bature dangin juna ne.

Kayan aiki

Ku nemi kwalba mai faɗin baki wadda ake ganin cikinta, kamar ta mayonis da aka wanke tas, ko roba mai tsabta. Kada a yi amfani da kwanon alminiyam ko gwangwani, domin tsami yana cin su. Sai cokali, da ɗan ƙyalle mai tsabta, da robar ɗaure kuɗi guda biyu: ɗaya ta riƙe ƙyallen, ɗaya a jikin kwalba don nuna inda ƙullu ya tsaya.

Batun gari: wanda aka niƙa da dusarsa ya fi saurin kamawa, domin a dusar ne halittun suka fi zama. Idan kun sami alkama a kasuwar Aboabo ko babbar kasuwa, ku kai inji a niƙa muku. Idan babu, ku haɗa rabi fulawa rabi garin gero ko dawa. Ku duba hatsin da kyau. Wanda ya yi fumfuna a ajiya, musamman masara, yana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai illa ga hanta, kuma tsami ko wuta ba sa kawar da ita. Irin wannan a zubar kawai.

Batun ruwa: duk wanda ya dace da sha ya yi. Idan na famfo ne mai warin magani, a tafasa shi a bari ya huce, ko a bar shi a buɗe ya kwana. Na madatsa ko na tanka, tilas a tafasa. Kada a zuba ruwa mai zafi, yis yana mutuwa tun zafi bai kai digiri 60 ba.

Kafa uwa, rana bayan rana

Rana ta 1. A zuba gari giram 50 da ruwa giram 50. Wanda ba shi da sikeli, cokalin cin abinci 6 na gari a shafe, da cokali 3 zuwa 4 na ruwa. A juya har babu busasshen gari, kaurinsa ya ɗan fi na ƙullun ƙosai. A rufe da ƙyalle, a ajiye a inuwa cikin ɗaki. Mai ruwan tsamin koko mai kyau a gida tana iya sa cokali ɗaya a madadin cokali ɗaya na ruwa. Yana saukar da tsami da wuri, ya rage warin kwanakin farko.

Rana ta 2. A juya kawai. Idan lokacin zafi ne kuma kumfa ta riga ta fito, a fara ciyarwa tun yau.

Rana ta 3 zuwa gaba. A rage cokali 2 na ƙullun a kwalba, a kwashe sauran. A zuba sabon gari cokali 6 da ruwa cokali 3 zuwa 4, a juya, a goge bakin kwalba, a mayar da robar alama daidai saman ƙullun. A lokacin hunturu sau ɗaya a rana ya isa. A watannin zafi sai safe da yamma.

To ga inda mutane da yawa ke karaya. A rana ta 2 ko ta 3 ƙullun yakan taso da ƙarfi, da wari maras daɗi. Sai a rana ta 4 da ta 5 ya kwanta shiru kamar ya mutu. Bai mutu ba fa. Tashin farkon nan aikin wasu baƙin bakteriya ne da ba sa jure tsami. Da tsami ya ƙaru sai su ja da baya, yis na gaskiya kuma bai gama taruwa ba. Ku ci gaba da ciyarwa. Abin da kuka kwashe a makon farko kada a ci, a zubar.

Tsakanin rana ta 7 da ta 14 uwa takan kafu. Alamominta uku ne: tana ninka tsayinta cikin awa 4 zuwa 8 bayan ciyarwa, ana ganin kumfa ta jikin kwalba, kuma ƙamshinta kamar na nono mai kyau. Idan ta yi haka kwana 3 a jere, ta isa aiki.

Me ya sa ake kwashewa?

Iyayenmu mata sun yi ƙorafi a kan wannan, kuma da gaskiyarsu, gari ba a banza ake samunsa ba. Ghana ba ta noman alkamar da ake yin fulawa, ta jirgin ruwa take shigowa Tema da Takoradi, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 muka ji a farashin burodi. Amma ku lissafa. Uwa tana buƙatar sabon gari aƙalla daidai nauyinta. Idan ba a ragewa, abin da take ci ninkuwa zai riƙa yi a kowace ciyarwa, kafin mako ya zagayo buhu ma ba zai ishe ta ba. Dabarar ita ce a riƙe ta ƙarama. Bayan ta kafu, cokali ɗaya na uwa da cokali 2 na gari da ɗaya na ruwa ya isa raya ta. Ranar da za a yi aiki sai a ƙara mata. Abin da aka kwashe daga uwar da ta kafu kuma ba asara ba ne, a zuba shi a ƙullun masa, fanke ko pinkaso.

Babban abokin gabarmu zafi ne

Yawancin bayanan da za ku gani a intanet an rubuta su ne a ƙasashen da zafin ɗakin girkinsu bai wuce digiri 20 zuwa 22 ba. Uwar ƙullu ta fi jin daɗi tsakanin 24 da 28. Mu kuwa a Maris da Afrilu zafin rana a Tamale yakan kai 40. A irin wannan yanayi yis yana galabaita, bakteriyar tsami kuma tana gudu. Sakamakon shi ne ƙullu mai tsami kamar tsamiya, ya tsinke, ya ƙi tashi.

Ni ma ya taɓa ci na. Uwata ta farko a watan Maris na kafa ta, na murɗe murfin kwalba gam, na ɗora a taga na tafi aiki. Da na dawo murfin ya yi tsalle, ƙullun ya malale har ƙasa, ƙudaje sun yi taro. Kakata ta duba ta ce mini, abin da yake numfashi ba a toshe masa hanci. Ta ɗauko sauran ta ajiye a gindin randa, a kan yashi mai laima. Kwana biyu ya dawo hayyacinsa.

Ga abin da za a yi a lokacin zafi. Na ɗaya, a rage uwa a ƙara abinci: kaso ɗaya na uwa, kaso 4 ko 5 na gari, da ruwa daidai nauyin garin. Na biyu, a kwaɓa ta da tauri, ruwa rabin nauyin gari, kamar curin fura, domin mai tauri ta fi jinkirin tsami. Na uku, ɗan gishiri a bakin yatsa yana rage mata gudu. Na huɗu, a yi amfani da ruwan randa mai sanyi. Na biyar, a nemi wuri mai sanyi: gindin randa, ko a naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma, ko a sa ta a tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Wannan dabara ta ƙarshe wani malami ne daga Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ta fi aiki a lokacin rani, sa'adda iska take a bushe.

A hunturu, Disamba da Janairu, abin juyawa yake. Dare yakan yi sanyi, uwa ta yi nauyin jiki, samanta ya bushe. Sai a sa ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ɗora murfi sama-sama a maimakon ƙyalle, a ajiye ta cikin kabad.

Mai firji tana iya ciyar da uwa, ta bar ta awa ɗaya a waje, sannan ta sa a ciki. Sau ɗaya a mako ya ishe ta. Idan an ɗauke wuta yini guda ba abin damuwa ba ne, a fito da ita a ciyar.

Yadda za ku gane halin da take ciki

Ruwa mai launin toka ya taru a sama: yunwa ce. A tsiyaye, a ciyar.

Wari mai kaifi kamar na ruwan goge jan farce: ita ma yunwa ce, da zafi. A ciyar sau biyu a rana, a sauya mata wuri.

Kumfa kaɗan, ba ta ninkawa: a ba ta garin da ke da dusa kwana 2 ko 3.

Fumfuna mai gashi-gashi, kore, baƙi ko fari, ko ɗigon ja, ruwan hoda ko ruwan lemo: wannan babu ceto. Kada a kwashe sama a ce ƙasan yana da kyau. A zubar duka, a wanke kwalba da tafasasshen ruwa, a sake sabuwa. Tsutsa ma haka, alama ce ƙuda ya sami hanya.

Ajiya don tafiya

Hunturunmu yana da rana a nan. A shafa uwa mai ƙarfi siriri a faranti, a rufe da rariya ko gidan sauro, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Kada a kai kan kwano cikin rana, zafin zai kashe ta. Kwana ɗaya zuwa biyu ta bushe ƙarau. A murmushe, a ɗure a kwalba mai murfi. Tana yin watanni a haka. Ranar buƙata a jiƙa cokali ɗaya, a ƙara gari, a ciyar kwana 2 zuwa 4. Wannan ce hanyar aika wa 'yar'uwa a Mango ko Wagadugu ba tare da ta lalace a mota ba.

Amfani da ita

Ga masa: a ciyar da uwa da la'asar, idan ta taso a zuba kaso ɗaya cikin kaso 10 na sabon ƙullu da dare. A lokacin zafi a rage, ko a jinkirta kwaɓin zuwa bayan isha'i. Da safe idan tsami ya yi yawa, ɗan ruwan kanwa yana kwantar da shi. Mai sayarwa ta fara gwadawa da ƙaramin kwano a gefe, kada ta sa jarin yini duka a gwajin farko.

Ga burodi: fulawa giram 500, ruwa 320, uwa mai ƙarfi 100, gishiri 10. A kwaɓa, a rufe, a riƙa ninke shi duk rabin awa har sau 3. Idan ya ƙaru da fiye da rabin girmansa, wato awa 3 zuwa 5 a lokacin zafi, a mulmula a sa a gwangwanin gashi, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu. A gasa a digiri 220 na minti 35 zuwa 40. Wadda ba ta da oba tana iya zuba yashi a gindin babbar tukunya a kan kurfoti, ta ɗora garwashi a murfi. Ku sani, gero, dawa, masara da shinkafa ba su da danƙon alkama mai riƙe iska. Uwar gero za ta tayar da fulawa, amma garin gero zalla ba zai ba ku burodi mai tsayi ba. Kaso ɗaya cikin 5 shi ne daidai. Kada kuma ku sa ran laushin burodin sukari ko na bota. Wannan yana da ɗan tsami da ɓawo mai ƙarfi, amma ya fi jinkirin yin fumfuna.

Tambayoyi biyu daga masu sauraro

An tambaye mu ko akwai barasa a ciki. Kowane yis, na leda ko na daji, yana fitar da 'yar kaɗan yayin da yake aiki, a masa da fanke da burodin da muke ci kullum ma haka ne, kuma mafi yawanta tana tashi da zafin wuta. Wannan bayanin kimiyya ne, mai neman hukunci sai ya tuntuɓi malamai.

An kuma tambaya ko ruwan tsami yana maganin gudawar yara. An gwada shi a kan yara a nan arewacin Ghana, sakamakon da aka wallafa a 2006 bai nuna ya rage kwanakin gudawar ba. Don haka, iyaye, ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zink, sannan asibiti. Ɗanyen ƙullu kuma ba a ba wa yaro.

Wanda ya fara yau, nan da mako biyu muna jiran labari: wane gari kuka sa, a ina kuka ajiye, rana ta nawa ta ninka. Mako mai zuwa za mu tattauna da masu koko a kan yadda ake hana gasara lalacewa a lokacin zafi.